Ƙamshin Alhamis a Gidan Burul

Ba a son ran Burul aka ba da ɗakin mijinta haya ba. Shekara goma sha ɗaya da rasuwar Toktosun, ɗakin yana nan yadda ya bar shi, gado a gyare, farar hularsa a rataye bayan ƙofa, akwatin kayan wutarsa a ƙarƙashin tebur. 'Yarta Colpon ce ta matsa lamba. Ba maganar kuɗi ba ce, tunda ɗanta Kubat yana aiko da abin da ya samu daga Mosko. Zaman kaɗaici ne Colpon ta tsana.

"Apa, kwana uku fa kike yi ba ki yi magana da kowa ba sai talabijin," in ji ta, don Apa ake ce wa uwa a nan. "Ki sa mutum a gidan nan, ko motsinsa ki riƙa ji."

Duk wanda ke zaune a unguwannin da ke bayan makarantar likitanci a Bishkek ya san ɗaliban nan na Indiya. Za ka gan su rukuni-rukuni a tashar bas, cikin rigunan sanyi da suka fi ƙarfinsu, suna rawar ɗari tun kaka ba ta kankama ba. Sabbin zuwa ɗakunan kwanan makaranta ake zuba su, mutum shida a ɗaki, ƙofa a rufe da wuri, kuma ko tukunyar shayi aka kama ka da ita sai an ƙwace. Waɗanda suka yi wayo sukan haɗu su takwas ko tara su kama gida ta hannun dillali, su yi ta taka juna. Ɗaki a cikin iyali kuwa sai mai babbar sa'a, domin yawancin masu gida da sun ji harshen mai kiran waya sai su kashe. In ka tambaye su dalili, wari. Wai girkinsu ba ya fita daga bango. Masu faɗin hakan kuwa matakalar benensu ta shekara arba'in tana tashin warin kitsen rago da dafaffen kabeji da fitsarin kyanwa, amma gwano ba ya jin warin jikinsa.

Rinsha ta zo ne wata Asabar a farkon kaka. 'Yar ƙarama ce mai tabarau, 'yar aji uku, daga wani gari na bakin teku a jihar Kerala ta Indiya. Rashancinta na asibiti ne, ta fi iya tambayar ina ke maka ciwo a kan gaisuwa, amma ta cire takalminta a bakin ƙofa ba a ce mata ba, ta kuma zauna a kujerar da ke kusa da ƙofa, ba ta zarce kan tebur kamar 'yar gwamna ba. Wannan ya yi wa Burul. Ta tambaye ta me ya kore ta daga makaranta.

"Hayaniya, Apa. Ɗaya tana waya, ɗaya tana kuka, ɗaya tana busar da gashi. A matakala nake karatu."

"Gida nawa kika je kafin nan?"

"Sha huɗu."

Burul ta kafa sharaɗi ɗaya tal. Ba za a yi girkin Indiya a kicin ɗinta ba, abin da ta dafa shi za su ci tare. Yarinyar ta amsa da to tun ba a kai ƙarshen maganar ba.

Sharaɗin bai yi wata biyu ba. Burul tana kallon yarinyar kullum tana juya dafaffen nama da taliya a faranti, tana haɗiyar romo kamar magani, tana cewa ya yi daɗi. Wuyanta ya zama kamar na cokali. Wadda ta raini 'ya'ya biyu ba ta iya zuba wa irin wannan ido, ko da ɗan wani ne. Wata safiya ta janye farantin daga gabanta.

"Ke, ba za ki mutu a gidana a ce ni na kashe ki da yunwa ba. Dafa abinki. Amma ki ji da kyau, ban da Alhamis. Ranar Alhamis kicin ɗin nan na tsoho ne."

Ba sai ta yi dogon bayani ba, don Rinsha ta riga ta ga Alhamis bakwai a gidan. Da la'asar Burul takan kwaɓa fulawa, ta ɗora kasko, ta bar mai ya yi zafi har ƙamshinsa ya cika gida, ta buɗe 'yar tagar sama, sannan ta soya borsok, 'yan gutsattsarin ƙullin nan da ke kumbura a mai. In ta kwashe sai ta zauna ta karanta abin da ta haddace na Alƙur'ani, ta jero sunayen mamatanta, Toktosun a farko. Kowa ya san mamata suna zagayowa gida yammacin Alhamis. Ba ci suke yi ba, ƙamshin man shi ne rabonsu, da shi kuma suke gane ƙofarsu. Sabon limamin unguwa, yaro mai gemu a tsefe, ya ce wannan ba ya cikin littafi. Burul ba ta yi musu da shi ba, ba ta kuma fasa ba. Uwarta ta yi hakan tun zamanin da gwamnati ta hana addini, sai an ja labule ake karatu.

Da aka sakar wa Rinsha kicin sai gidan ya canza. Ƙwayoyi baƙaƙe suna tsalle a mai, busasshen barkono, tafarnuwa, wani ganye da take ɓoyewa a gwangwani kamar zinariya. Kumatunta suka dawo. Burul ta ɗanɗana wata miyar kifi rannan, ta yi hawaye, ta yi tari, ta zagi barkonon har kakanninsa, sannan ta miƙa faranti a ƙara mata. Da yamma yarinyar takan auna mata hawan jini, ta yi mata faɗan gishiri, ita kuma ta yi mata faɗan fita da jiƙaƙƙen gashi. Abin da Colpon ta so ya samu, har ya wuce. Sai dai ƙamshin bai san Alhamis ba. Ya shiga labule, ya shiga darduma, ya shiga rigar sanyin Burul, har a bas mutane sukan juyo.

Zuura ce ta fasa ƙwan. Maƙwabciyarta ce ta ƙasa, tare suka tare a benen suna amare, kuma a duniya ba abin da Zuura ba za ta iya mayarwa abin dariya ba, har jana'iza. Suka haɗu a matakala, ta ɗaga hanci tana shinshina.

"A'a, sannu da zuwa, mutanen Delhi! Yaushe a gari?"

"Tafi can, tsohuwar banza. Ke da gidanki ke warin kyanwa."

"Kyanwata dai 'yar ƙasa ce. Ni marigayi nake tausaya wa. Bawan Allah ya taso tun daga can, ya hau hawa uku, ya shinshina ƙofa, ya ce a'a, na yi ɓatan kai, nan gidan wasu ne. Ya juya da yunwarsa."

Zuura ta kwashe da dariya, Burul ma ta yi, har da dukan kafaɗa. Amma da ta shiga gida ta rufe ƙofa sai ta tsaya da jakar cefane a hannu ba ta ajiye ba. Dā takan ga Toktosun a mafarki, kamar sau ɗaya a wata. Ba ya cewa komai, yana zaune ne kawai a bakin tebur yana kwance wata rediyo, kamar yadda ya saba in ya dawo daga garejin motocin lantarki inda ya yi aiki. Wannan ganin shi ne abin da ya rage mata. Ta lissafa a tsaye, ta ga tun kaka bai zo ba. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da aka fitar da shi daga gidan. Ta ji kamar ita da hannunta ta rufe masa ƙofa, ta kuma ba wata ɗakinsa.

Ta wanke labulaye. Ta shanya darduma a baranda cikin ƙanƙara. Ta bar tagogi a buɗe har ruwan kofi ya kusa daskarewa. Alhamis biyu suka wuce, ta soya borsok fiye da kullum, bai zo ba.

Ranar Litinin da safe ta zuba wa yarinyar shayi, ta kawar da ido.

"'Yar nan, ki nemi wani wuri. Zuwa ƙarshen wata."

Rinsha ta ajiye kofin a hankali. "Na yi laifi ne, Apa?"

"Ba ki yi ba."

"In girkin ne, zan daina. Wallahi zan daina yau."

"Ya riga ya shiga bango."

Abin kunya ne Burul ta ji bakinta ya faɗi irin maganar masu kashe waya, ta kuwa ji kunyar, amma ba ta janye ba. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta ce to, ta wanke kofinta, ta ɗauki jaka. Jarrabawarta saura mako uku, Burul ta san da haka, tunda ita ke kai mata shayi ɗaki tana haddar sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi. Ta kuma san a tsakiyar hunturu babu gado a makaranta, an gama rabo tun watan tara. Da daddare ta ji ta ta bango tana waya, tana maimaita kalma ɗaya ta Rashanci cikin ladabi, "na gane, na gane," alamar ana ta ce mata babu.

Ranar Laraba Burul ta fita sayen burodi, santsin ƙanƙara ya kwashe ta a gaban kanti, ta dafa ƙasa da hannun dama, wuyan hannun ya karye. Colpon ta baro aiki ta kai ta asibiti, aka ɗaure hannun da farin siminti har gwiwa, ta dawo da ita gida tana ta faɗa kamar ita aka yi wa laifi.

"Gobe Alhamis," in ji Burul.

"Haba Apa! Ki tsallake mako ɗaya mana, Baba ba zai kai ki ƙara ba. Ni gobe ba zan samu fita ba. In ya zama dole, zan aiko da borsok na kanti."

"Na kanti? Ƙamshinsa ai a kanti ya fita. Ubanki a kanti zai je ya tsaya?"

Colpon ta ɗaga hannu sama, ta sumbace ta a goshi, ta tafi.

Washegari da azahar Rinsha ta dawo da wuri, takalminta jiƙe, hancinta ja. Ta tarar da Burul a kicin, kwano ya zame mata, fulawa har a gira, tana ƙoƙarin kwaɓi da hannun hagu tana tokare kwanon da ciki. Shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa tsallake Alhamis ba, ko ranar da aka yi mata aikin ido. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

"Kawo, Apa."

"Ba aikinki ba ne. Wannan 'yar gida ke yi, ko surukar gida."

"To 'yar gida tana ofis, suruka tana Mosko, rana kuma tana faɗuwa ƙarfe biyar. Ki zauna ki faɗa min, ni hannu ce kawai."

Burul ta zauna, don ba ta da zaɓi. Ta yi ta ba da umarni, ƙara madara, rage gishiri, ba haka ake murzawa ba, ke a garinku ba a koya wa mata komai ne? Yarinyar tana murzawa tana ba ta labarin inda ta je. Wani gida a ƙarshen gari, bas biyu, 'yan mata tara a ɗaki uku, za a ba ta katifa a ƙasa kusa da firji. Wani kuma dillali ya nuna mata ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, babu taga. Mai kula da ɗakunan makaranta ta ce in ta yarda za a sa mata gado a ɗakin ajiyar barguna, kuma shi za ta karɓa, ya fi kusa da asibiti. Ta faɗi duk wannan ba da sigar roƙo ba, kamar mai karanta takardar magani. Burul ta yi kamar hankalinta yana kan ƙullin.

Da ƙullin ya tashi aka yanka shi, Burul ta ce ta ɗora kasko ta zuba mai, ga kwalba nan a kan kanta, ita za ta je ta yi alwala. Alwala da hannu ɗaya a ɗaure ba abin gaggawa ba ce. Ta daɗe a banɗaki tana fama da hannun riga. Tana buɗe ƙofa ƙamshi ya tare ta, ba na man da ta sani ba, wani ne mai zaƙi-zaƙi, mai nauyi, wanda bai taɓa tashi a gidan ba ko a ranakun girkin yarinyar. Ya cika falo, ya fita ta 'yar tagar sama.

Ta isa kicin da saurin da ba ta san tana da shi ba. Kwalbar manta tana kan kanta, ba a taɓa ta ba. Kusa da murhu ga wata kwalba mai faɗin baki, da guntun farin abu a daskare a gindinta, borsok kuma suna iyo a kasko suna yin ja.

"Me kika yi? Me kika zuba min a kasko?"

"Man kwakwa ne."

"Rana ɗaya! Rana ɗaya tal na roƙe ki a mako! Ga mai nan a gabanki, makanta kika yi? Ko don na ce ki tashi shi ne za ki rama a kan mamaci?"

Muryarta ta fashe a ƙarshen maganar. Ta kai hannun hagu za ta kashe murhu, yarinyar ba ta hana ta ba, ba ta kuma matsa ba. Tana riƙe da matsami, tabaranta sun yi hazo.

"Ba kuskure ba ne, Apa. Da gangan na yi. Ki yafe min."

Burul ta tsaya da hannu a kan makunni.

"Uppa ne ya yi shi, babana. Kwakwar bayan gidanmu ce, shi ya shanya, shi ya kai inji, ya ɗaure min kwalbar da tsumma ya sa a akwatina. Wata biyu da dawowata Bishkek bara ya rasu. A wurinmu ba a kwana da gawa, kafin in samu jirgi an binne shi, sai Umma ta ce in zauna in yi jarrabawa. A makaranta ba a kunna wuta. Da na zo nan kuma na kasa buɗewa, ina ganin in ya ƙare shi ke nan." Ta goge tabarau da bayan hannu. "Kullum ina jin ki kina cewa ƙamshi suke bi. Ni ban sani ba ko haka ne, a garinmu ba a faɗa. Amma na ce ɗakin barguna zan koma, babu murhu, yau ce kawai. Bai taɓa ganin inda nake ba, Apa. Ko hoton ɗakin nan bai gani ba. Na ce ko zai ji."

Man yana ta ƙara a kasko. Burul ta dubi kwalbar, ta ga tsumman a gefe, an kwance shi a hankali an ninke. Wata huɗu yarinyar nan tana gidanta, ta san yawan sukarin da take sha, ta san ranar da take wanki, amma ba ta taɓa tambayarta ko tana da mamaci ba. A ganinta mutuwa kayan tsofaffi ce, kuma kayan 'yan gari. Bai taɓa zuwa mata ba cewa yaran nan da ke rawar ɗari a tashar bas kowanne ya baro kabari a wani wuri, ba shi kuma da ƙofar da zai tsaya ya kira nasa. Ita tana tsoron nata ya zo bai gane gida ba. Wannan nata ko hanyar bai sani ba.

Fushin bai tafi gaba ɗaya ba, gaskiya. An yi mata sata, ko da me aka saka a madadin. Kuma ba ta san abin da Toktosun zai yi da wannan ƙamshi ba, ko ya shigo ko ya juya, ba wanda zai iya faɗa mata, ko liman ko Zuura. Ta cire hannunta daga makunnin.

"Juya su, za su ƙone. Wa ya ce miki ana barin borsok ya yi baƙi?"

Rinsha ta juya su, ta kwashe, ta zuba wasu. Haka har aka gama. Suka shimfiɗa ƙyalle a tebur, aka tara borsok a tsakiya, hasken yamma ya yi ja a kan dusar ƙanƙarar rufin maƙwabta. Yarinyar ta juya za ta shige ɗaki kamar yadda take yi duk Alhamis.

"Ina za ki? Rufe kanki ki zauna."

Ta zauna. Burul ta gyara ɗankwali da hannu ɗaya, ta yi bisimilla, ta karanta surorinta uku da muryar da ta gada daga uwarta. Ta buɗe tafin hagu, na daman yana kwance a cinya cikin siminti, ta fara jero sunaye. Toktosun ɗan Abdirai. Uwarta, ubanta, yayanta da ya tafi soja bai dawo ba, jaririn da bai kai suna ba. A inda ta saba shafawa sai ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Sunansa?"

"Moidu."

"Ɗan wa?"

"Ɗan Alawi."

"Da Moidu ɗan Alawi," in ji Burul, a hankali, don kada ta ɓata sunan. "Baƙo ne, daga nesa ya taso. Tsoho, ka matsa masa."

Suka shafa. Rinsha ta kifa fuska a tafin hannu, kafaɗunta suna rawa, Burul ta ƙyale ta, don kukan da aka riƙe shekara guda ba a katse shi. Ta ɗauki borsok ɗaya ta gutsura. Daban yake, ba za ta ce ya fi ba, ba za ta ce bai kai ba. Ta tauna ta haɗiye.

Can yarinyar ta ɗago ta share fuska. "Na gode, Apa. Ranar Asabar zan kwashe kayana, sun ce in kawo hoto biyu da..."

"Ki kwashe ki kai ina?"

"Ɗakin barguna."

"Ke dai likitar nan ba ki da hankali," in ji Burul, ta tura mata farantin. "Mun kira mutum tun daga bakin teku, mun nuna masa gida. In ya zo Alhamis mai zuwa bai same ki ba, ni me zan ce masa?"